Jirgin yaƙi ba ya tashi da kansa

Duk lokacin da aka sayo wa Nijar sabon jirgin soja, hotonsa kan cika wayoyin mutanen Yamai. Haka aka yi a 2013 da jiragen Su-25 guda 2 suka iso daga Yukren, haka a 2021 da Amurka ta miƙa jirgin jigila C-130, haka kuma a 2022 da aka kawo Bayraktar TB2 marasa matuƙi daga Turkiyya. Ba a cika tambayar wa zai tuƙa, wa zai gyara, wa kuma zai riƙe iyalin wanda ya tashi bai dawo ba. A ganina nan ne ƙarfin sojan sama yake.

Ƙasarmu ta kai murabba'in kilomita 1,267,000, kuma daga Yamai zuwa Diffa a mota ya haura kilomita 1,300. Sojan da harsashi ya same shi a bakin Komadugu ko a dajin Tillabéri, ransa na hannun Allah, sannan na hannun waɗanda za su tayar da jirgi mai saukar ungulu daga sansanin sojan sama su ɗauko shi kafin jini ya ƙare. Hanyar ma ba mai sauƙi ba ce. Lokacin hunturu hazo kan rufe ƙasa har matuƙi ya kasa ganin inda zai sauka. Da bazara zafi kan sa iska ta yi sakayau, dole a rage kaya ko mai kafin jirgi ya ɗaga. Rairayi kuwa cin injin yake yi a hankali, shi ya sa makaniken da ke kwana yana duba injin, wanda ba a taɓa ambaton sunansa a rediyo, shi ma yana cikin yaƙin.

Wanda ya tuna harin da aka kai sansanin soja na Inates a Disambar 2019, inda muka rasa soja 71, da Chinagodrar wata guda bayan haka, inda aka rasa 89, ya san tsadar sansanin da ke nesa da ɗauki.

Yau Faransa ta kwashe dakarunta tun ƙarshen 2023, Amurka ma ta bar Yamai da Agadas a 2024. Kowa da ra'ayinsa kan wannan, amma babu gardama cewa leƙen asiri ta sama, jigilar soja da kwaso masu rauni sun ƙara nauyi a wuyan 'ya'yanmu. Kuma muna da su. Ouma Laouali, mace ta farko da ta zama matuƙiya a sojan samanmu a 2015, ta kai ga tuƙa C-130. Sai dai horar da mutum irin wannan shekaru yake ci, ba a sayo shi a kasuwa.

Akwai kuma nauyin da ba a gani. A Fabrairun 2022 jirgin sojan Najeriya ya hallaka yara 7 a Nachadé, cikin jihar Maradi. Daga sama makiyayi da ɗan bindiga kan yi kama, kuma matuƙin da ya gaji ko aka ba shi gurgun bayani shi zai kwana da abin har ƙarshen rayuwarsa. Horo mai kyau da isasshen hutu kariya ce ga talakan ƙauye.

Don haka in za a ware kuɗin sabon jirgi, a ware na kayan gyara da na makarantar makanikai tare da shi, a kuma biya haƙƙin zawarawa da marayun ma'aikatan jirgi ba tare da sun yi ta zarya a ofisoshi ba.