Dariyar da muka yi a Agege kan maganar ƙoda

Asabar ɗin bayan Babbar Sallah na je bikin ɗan wani aminina a Agege. An toshe layi da rumfuna, an jera kujerun roba, janareto na ta ruri a bayan gida. Wanda aka ba makirfo ɗaya ne daga cikin yaran nan namu masu barkwanci a TikTok, wanda in ya kwaikwayi mai gidan haya ta zo karɓar kuɗin wuta sai ka riƙe ciki. Ana tsakiyar liƙi sai ya ɗaga wa mai kiɗa hannu ya ce, "Jama'a, ku ara mini minti biyu. Wa ya san rukunin jininsa a nan?" Hannuwan da suka tashi ba su kai biyar ba. Ya ce yayarsa na nan ana yi mata wankin ƙoda sau biyu a mako, likitoci sun ce dashe ne mafita, ita kuwa ƙoda ba a kanti ake ɗauko ta ba, sai wani ya yarda an ciro daga jikinsa. Bai rufe baki ba wani daga can baya ya ce, "Ni dai tawa ta iPhone ce!" Wuri ya kece da dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Yaron ya yi yaƙe, ya ce wa mai kiɗa ya ci gaba.

Ƙannena, wannan dariyar ce ta hana ni barci, ita ce kuma ta sa nake rubuta muku wannan. A bakinmu ƙoda ta zama abu biyu kawai: ko abin raha na kuɗin waya da babur, ko abin tsoro na matsafa da masu yankan kai. Na uku, wato mutum ya ba ɗan'uwansa kyauta don ya rayu, shi ne ba ma magana a kai. Shirun nan kuwa yana cin mu ta baki biyu. Majinyatanmu na mutuwa dangi na kallo, lafiyayyunmu kuma dillalai na farautarsu.

Wanda yake ganin sayar da ƙoda wasa ne ya tuna shari'ar Ike Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa. Yaron da aka kai Landan a 2022 don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yar sanatan ɗan shekara 21 ne, a nan Legas yake tura baro yana sayar da kayan waya. Ku dubi wannan sana'ar da kyau, ku dubi kanku. Da likitocin can ba su lura cewa bai fahimci abin da za a yi masa ba suka ƙi aikin, da wani labarin ake yi. Sai da ya kwana a titi kafin ya kai kansa wurin 'yan sanda. A watan Mayun 2023 kotu ta ɗaure sanatan shekara tara da wata takwas. A gida ma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana saye da sayar da sassan jikin mutum. Shi dillali ba attajiri yake nema ba. Mai turin baro a Mile 12 yake nema, da mai wankin takalmi a Obalende, da ɗan acaɓan da aka ƙwace wa babur jiya, baƙo marar kowa a gari. Zai ce maka aiki ne a waje, gwajin asibitin nan na biza ne kawai. Duk wanda ya haɗa maka alkawarin aiki da gwajin jini da karɓe fasfo, tashi ka bar wurin ko takalmi ba ka saka ba.

To amma don ɓarawo ya shiga kasuwa ba a rufe ta. Tun shekarar 2000 asibitin St. Nicholas da ke cikin tsibirin Legas ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a Najeriya, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi sahu a 2002. Sama da shekara ashirin ke nan ana yi a ƙasar nan, amma yawancinmu sai wani sananne ya kwanta muke jin labari. Haka aka yi da OJB Jezreel, mai haɗa sautin waƙa ɗan Legas: a 2013 aka yi ta tara masa kuɗi, aka kai shi Indiya, matarsa ce ta ba shi ƙodarta, ya ƙara kusan shekara uku kafin ya rasu a 2016. A Amurka mawaƙiya Selena Gomez ta fito a 2017 ta nuna hotonta a gadon asibiti tare da ƙawarta da ta ba ta ƙoda, miliyoyin matasa suka san cewa mai rai na iya bayarwa ya kuma ci gaba da harkokinsa. Mu kuma mun rasa Rabilu Musa Ibro a ƙarshen 2014 bayan fama da ciwon ƙoda. Mun yi kuka, mun yi addu'a, Allah ya jiƙansa, amma mutum nawa ne rasuwar ta sa suka je aka duba tasu?

Nan ne nake da magana da ku masu makirfo, mawaƙan biki da 'yan barkwanci da masu fitowa a fim. Allah ya ba ku abin da bai ba likita ba. Likita zai yi awa guda yana bayani a rediyo, yaro ya murɗa tasha, ku kuwa bidiyon minti ɗaya sai ya zagaye Alaba Rago da Idi-Araba kafin la'asar. Amma me muke gani? Sai ɗayanku ya kwanta sannan a saki hoto da lambar asusu, a yi kwana uku ana "a taimaka don Allah", a watse. Taimakon kuɗi alheri ne, ban raina ba. Sai dai ko an tara miliyan nawa, in babu mai bayar da ƙodar, kuɗin a injin wanki za su ƙare. Ku yi maganar tun kuna da lafiya. Ku daina wasan "zan sayar da ƙodata", domin yaron da ya ji shi sau ɗari zai ɗauka hanya ce. Kada kuma ku mai da kanku likitoci, ko ku karɓi kuɗin tallar wani jiƙo wai yana wanke ƙoda. Ku zaunar da likita da malami a gaban kyamara, ku yi musu tambayoyin da mutane ke jin kunyar yi.

Na san tambayar farko: addini ya yarda? Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta a ɗauki sashen jikin mai rai a dasa wa wani muddin ba sashen da rayuwarsa ta rataya a kai ba ne, kamar zuciya, ta halatta a ɗauka daga mamaci in shi ko magadansa sun yi izini, ta kuma hana ciniki. Akwai malaman da ba su natsu da taɓa gawa ba, suna kafa hujja da hadisin da ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Saɓani ne na ilimi, ka je wurin malamin da ka amince da shi ka tambaya. Abin da ba shi da kyau shi ne wanda bai taɓa tambaya ba ya ɓuya a bayan "haramun ne" alhali tsoro ne ke damunsa. Ayar Ma'ida da ta ce wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, duk mun haddace ta.

Tsoron kuwa na gan shi da idona. Wani maƙwabcinmu mai sayar da albasa, ɗan wajen Gashuwa, inda ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗibar mutane, ya fara da kumburin ƙafa. Na raka shi wanki sau da dama. Awa huɗu yake kwance, bututu biyu a jikinsa, jininsa na fita ja yana zagaya injin yana komowa, shi kuma yana lissafin buhu nawa ya rage a rumfa. Ruwan sha ma da awo aka ba shi, sai ya riƙa jiƙa leɓe da ƙanƙara. Ranar da likita ya ce a kawo 'yan'uwa a gwada, ƙannensa uku duk suna Legas. Ɗaya ya ce matarsa ba ta yarda ba. Ɗaya ya ce ya ji wanda aka cire wa ƙoda ba ya haihuwa. Na ukun wayarsa a kashe har aka yi sadakar uku. Ban ce mugaye ba ne, na ga kukansu a maƙabarta. Babu wanda ya taɓa zaunar da su ya gaya musu gaskiyar abin, ga shi kullum muna cewa ɗan'uwa rabin jiki.

Gaskiyar ita ce Allah ya yi mu da ƙoda biyu, lafiyayye na iya rayuwa da ɗaya, kuma bayar da ita ba ya hana haihuwa. Ba daga cewa "na yarda" sai wuƙa ba. Za a duba rukunin jini, a gwada ko jikin majinyacin zai karɓa, a auna hawan jini da suga da ƙarfin ƙodojin mai bayarwa. In an ga zai cutu, likitocin da kansu za su hana. Tiyata ce, tana da haɗarinta, akwai jinyar makonni, kuma mai bayarwa zai riƙa zuwa ana duba shi. Wanda aka dasa wa shi ma zai sha maganin hana jiki ƙin ƙodar har ƙarshen rayuwarsa, maganin kuma da tsada. Kowa na da 'yancin ya ce a'a, kuma dangi ba su da ikon tilasta wa ƙaramin cikinsu ko matalaucin cikinsu don babba ya kwanta. Amma a ce a'a bayan an sani.

Ba ƙoda kaɗai ba ce ma. Akwai bankin ido a asibitin koyarwa na jihar Legas da ke Ikeja, inda ake ajiye tantanin gaban ido, wannan mai kama da gilashin agogo, wanda ake ɗauka cikin 'yan awoyi bayan rasuwa a dasa wa wanda nasa ya dushe. Akwai dashen ɓargo ga masu sikila, wanda aka fara yi a ƙasar nan a birnin Benin na jihar Edo a 2011, mai bayarwa kuma galibi ɗan'uwa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Mafi sauƙi shi ne jini. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba, jiki na mayar da ita, lafiyayyen namiji na iya bayarwa duk wata uku. Amma je ka ƙofar ɗakin haihuwa ka ga yadda magidanci ke kiran lambobi ɗaya bayan ɗaya, majalisar da yake shan shayi da ita kullum kowa na cewa yana Apapa, hanya ta cushe.

Ku kuma ji tausayin biyun da kuke da su. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, kuma ba sa sallama. Haɗin ƙwayoyin gajiya da kuke saya a hannun mai tire kuna korawa da lemon ƙara kuzari, akwai masu kashe zafin ciwo a ciki irin su diclofenac, waɗanda yawan shansu ke lalata ƙoda, balle ga mai yini a rana bai sha ruwa ba.

Bayan kwana biyu da bikin na nemi lambar yaron nan mai barkwanci na kira shi. Na ba shi haƙuri kan dariyar, ya ce, "Haba Yaya, ai sana'ata ce a yi mini dariya." Na tambayi jikin yayar tasa. Ya ce an gwada shi, jininsu bai zo ɗaya ba, yanzu autarsu suke jira ta iso daga Kano ranar Laraba. Ya ce in da hali in zo da mutum biyu ranar Litinin, za a yi mata ƙarin jini. Na samu ɗaya, saura ɗaya.