Digirin da aka yi a ɗakin hutun ma'aikata

Ranar Asabar na je Birmingham bikin yaye ɗalibai. Abokiyar aikina ce ta gayyace ni, Baturiya 'yar shekara 54, tare muke aikin dare a gidan kula da tsofaffi a nan Coventry ta ƙasar Ingila. Shekara shida ina kallonta. Da mun kwantar da tsofaffinmu an rage fitilu, sai ta shige ɗan ɗakin hutu, ta ture kofunan shayi gefe, ta buɗe wata tsohuwar kwamfuta mai tsagaggen murfi. Kunne ɗaya take toshewa da abin sauraro, ɗayan ta bar wa ƙararrawar masu kira. Ƙararrawa na kaɗawa ta tsayar da lacca ta tashi, in ta dawo ta wanke hannu ta ɗora daga inda ta tsaya.

Zauren cike yake maƙil. Ga mai furfura da sanda, ga wani a keken guragu, ga jikoki suna ihu idan an kira sunan kakarsu. Jami'ar ita ce Open University, wadda aka kafa a 1969. Ta talabijin ɗin BBC da gidan waya ta fara koyarwa kafin komai ya koma intanet, kuma yawancin kwasa-kwasanta na digirin farko ba sa neman sakamakon sakandare. Da korona ta rufe makarantu a 2020, sauran jami'o'in ma hanyar suka bi.

Ni kuwa Yayata kawai nake gani a wurin. Ita ke ɗaukar na ɗaya a ajinsu har aka yi mata aure. Ina shiga jirgin ƙasa na kira ta.

"Yaya, don Allah ki koma karatu. Ga NOUN nan, jami'ar karatu daga nesa ta Najeriya, daga ɗakinki za ki yi."

Ta ce, "Haba ƙanwata, da 'ya'ya biyar? Kuma wa zai dube ni da digirin waya?"

Wallahi maganar nan ta soke ni. Na san akwai matsalar wuta, na san tsadar data. Nan ɗin ma kuɗin makaranta ba wasa ba ne, kuma da yawa kan yar da karatun a hanya saboda kaɗaici. Amma don Allah wane karatun ne muke taƙama da shi har muke raina wannan? A 2020 yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'in Najeriya, ya cinye wata tara, a 2022 ya sake cinye takwas. Duk shekara yara fiye da miliyan ɗaya ke rubuta JAMB, kujerun ba sa isa. NOUN ɗin ma tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, sai da Obasanjo ya zo aka farfaɗo da ita, shi da kansa kuma ya yi digirin digirgir a can. Ko ABU Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa.

Kuma yaushe karatu daga nesa ya zama baƙo a wurinmu? Tun muna yara Inna ke sauraron tafsiri a rediyo da azumi tana tankaɗe, ba ta taɓa ganin fuskar malamin ba, amma ta riƙe abin da ya faɗa. Ita kanta Yaya kullum da asuba tana biya hadda a rukunin WhatsApp, malama na gyara mata. Ba wanda ya kira wannan haddar waya. Da an zo kan boko sai mu ce lokacin mace ya wuce.

Yaya ce ta koya mini haɗa baƙi, a tsakar gida, da fitilar ƙwai. Da za ni jami'a 'yan kunnenta na aure ta sayar ta cika mini kuɗin rajista. Yau shekara bakwai rabona da ita.

Na tura mata kuɗin fom a daren. Jiya ta aiko saƙon murya mai tsawo, ta ba ni labarin sunan da aka yi a gidan Kawu, ta tambaye ni sanyi. Ba ta ce komai a kan fom ɗin ba.