Kuɗin aike suna riƙe gida, amma ba su kaɗai ke gina ƙasa ba

Duk shekara ana yi mana albishir da yawan kuɗin da 'yan Najeriya mazauna ƙetare suke aikowa gida, wanda Bankin Duniya ya ƙiyasta yana kaiwa wajen dala biliyan 20, kuma wasu daga cikin masu mulki suna faɗar wannan adadi da alfahari kamar wata nasara ce da suka samar. Ni a ganina kuɗin aike alheri ne babba ga iyalin da suka karɓa, amma yawansu shaida ce cewa aikin yi ya ƙaranta a gida, kuma ƙasar da ta jingina da su ba tare da ta gyara abin da ya kori 'ya'yanta ba, za ta daɗe tana nan inda take.

A Tajikistan akwai shekarun da kuɗin da ma'aikata suke aikowa daga Rasha suka kusa kai rabin dukan abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa, a Nepal kuwa suna kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Talauci ya ragu a waɗannan ƙasashe, wannan gaskiya ne, amma har yau babban abin da suke fitarwa waje shi ne matasansu. Da darajar kuɗin Rasha ta faɗi a 2014, gidajen Tajikistan ne suka ji a jikinsu, alhali ba su da hannu a rikicin da ya jawo faɗuwar. Koriya ta Kudu ma ta taɓa tura masu haƙar kwal da ma'aikatan jinya zuwa Jamus ta Yamma tun daga shekarun 1960, sannan ta tura magina ƙasashen Larabawa a shekarun 1970, sai dai ta riga ta raba gonaki ga manoma, ta cika makarantu da yara, ta kuma dage kan masana'antun da ke sayar da kaya a kasuwannin duniya. Saboda haka kuɗin da suka shigo sun tarar da inda za su yi aiki.

Mu a Sakkwato ba baƙi ba ne a wannan harka, domin tun kafin a san banki kakanninmu suke zuwa cirani idan an gama girbi, wasu Kurmi, wasu har Gana. Yau 'ya'yanmu suna Legas da Ibadan da Fatakwal suna acaba da gadi da sayar da kayan gwari, wasu suna Saudiyya da Libiya. Yawancin abin da ke shigo mana naira ce daga kudu, ba dala daga Amurka ko Ingila ba, shi ya sa ba ya fitowa sosai a alƙaluman Bankin Duniya, amma hukuncinsu ɗaya. Duk wanda ya tsaya a rumfar mai POS ana saura kwana biyu Sallah ya ga yadda abin yake: dattijo riƙe da ƙaramar waya yana miƙa wa yaron rumfa ya karanta masa saƙon banki, ya karɓi kuɗin ya ƙirga sau biyu, kuma kafin la'asar sun rabu tsakanin mai gero da mai maganin asibiti da tela da wanda yake binsa bashi tun damina. Ba na ganin laifin wannan dattijo ko kaɗan. A jihar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 sama da kashi 90 cikin 100 na mutanenta suna fama da talauci ta fuskoki daban-daban, wanda ya ce a ajiye kuɗin abinci a yi jari bai san yunwa ba.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ta waɗanda suka samu rara. Me ya sa ɗan cirani da Allah ya buɗa masa yake sayen fili ya kewaye da katanga, ko ya gina shaguna ya bar su a kulle, maimakon ya kafa injin gyaran shinkafa? Amsar ita ce mutumin ya yi lissafi, kuma lissafinsa daidai ne. Fili ba ya buƙatar wutar lantarki, ba ya shan dizal, ba a sace shi cikin dare. Injin kuwa yana buƙatar wuta tsayayya, da hanyar da mota za ta bi, da manomin da zai iya zuwa gonarsa ya dawo lafiya, abin da ya gagari mutane da yawa a Sabon Birni da Isa da Rabah cikin shekarun nan. Tsaro da wuta da ruwa su ne ke juya kuɗin aike su zama jari, kuma babu ɗan ciranin da zai iya sayo su da aljihunsa, aikin hukuma ne.

Albasa ta isa misali. Manomin Gada ko Goronyo yana kwashe albasarsa a lokacin da kowa yake kwashe tasa, kasuwa ta cika, farashi ya karye. Idan ya zuba ta a rumbun kara yana jiran tsada, zafi da laima su ruɓar da kaso mai yawa, har wari ya riƙa tashi kafin a buɗe. Idan ya sayar nan take, ribar ta tafi ga wanda ke da wurin ajiya. Ga kuma madatsar ruwa ta Goronyo da aka gina tun shekarun 1980, wadda ke iya ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, amma filin da ake nomawa da ita bai kai abin da aka tsara ba. Da an gyara magudanan ruwa, an samar da ɗakunan ajiya na zamani, da wata shida na rani sun zama watannin aiki, kuma da yawa daga cikin masu hawa motar Legas da ba su hau ba. Haka batun fatar jan akuyar Sakkwato, wadda tun zamanin fataken Sahara Turawa suke saye da sunan fatar Maroko: har yau yawancinta fita take yi ba a mayar da ita takalmi ko jaka a nan ba.

Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba. Idan ɗan'uwa da ke waje shi ne yake biyan kuɗin asibiti da na makaranta da na haƙa rijiya, sai jama'a su daina matsa wa gwamnati lamba a kan waɗannan abubuwa, ita ma ta samu sararin yin barci. Sannan yaron da ya ga yayansa ya dawo da sabon babur ba tare da ya gama firamare ba, da wuya a shawo kansa ya zauna a aji, alhali ilimi da sana'ar hannu su ne ke bambanta mai aiko dubu ashirin da mai aiko miliyan.

Matakan da aka ɗauka a Abuja sun fi karkata ga jawo dala kawai. A 2021 Babban Bankin Najeriya ya riƙa ba da tukuicin naira 5 a kan kowace dala da aka aiko ta hanyar hukuma, shirin da aka dakatar a 2023. Rage tsadar aike ya fi wannan amfani, tunda masu turo kuɗi Afirka kudu da Sahara suna asarar kusan kashi 8 cikin 100 a matsayin lada, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Meziko kuwa ta gwada wani tsari da ya fi dacewa da mu, inda duk kuɗin da ƙungiyar 'yan wani gari mazauna Amurka ta tara don aikin raya garinsu, gwamnatin tarayya da ta jiha da ƙaramar hukuma kowacce ta ƙara kwatankwacinsa. Sakkwatawa suna da ƙungiyoyi da sarakunan Hausawa a kusan kowace babbar kasuwa ta kudu, kuma za su iya tara kuɗin ɗakin ajiyar albasa a Gada ko gyaran magudana a Wurno, muddin gwamnatin jiha ta fara ajiye nata kason a asusun da wakilan 'yan cirani ke sa hannu a kansa, ana kuma karanta lissafin abin da aka kashe a bainar jama'a.