Samari, ku ɗaga wa kurna ƙafa

Ƙannena na Mai Wurno da Sinja da ƙauyukan bakin kogi, maganar gatari ce ta kawo ni. Tun da yaƙi ya ɓarke a nan Sudan a watan Afrilun 2023, gas ɗin girki ya yi wuya, gawayi ya yi daraja, duk saurayin da ya rasa abin yi sai ya saɓa gatari ya nufi daji. Ba na ganin laifin mai neman abin sa wa a baki. Amma ku dubi abin da kuke kayarwa: kurna, magarya, bagaruwa, har da dakwara, wadda ƙaronta ya fito da sunan Sudan a kasuwannin duniya. Furannin itatuwan nan su ne abincin ƙudan zuma.

Kurna sau ɗaya take zama gawayi, kuɗin su ƙare kafin toka ta huce. In ka bar ta tsaye ka rataya amya, duk shekara kana da rabo. Zumar sidir ɗin da alhazai ke rububi a Makka da Jidda, ai daga furen kurna take fitowa. Ga kakin zuma da kuke matsewa ku watsar, alhali masu yin kyandir da man shafawa da dukawa saye suke yi. Kankana da kabewar da ake nomawa a bakin kogi kuwa, in ƙuda bai bi furensu ba, sai manomi ya ga yabanya shar, 'ya'ya babu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ake ɗibar zumar. A je cikin dare da bakin wuta, a cusa a kogon itace, a babbake ƙuda da 'ya'yansa, wani lokaci har dajin ya kama. Da safe ka tarar da su zube a ƙasa, baƙi ƙirin, saƙa ta narke ta haɗe da toka. Haba samari! Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe ƙudan zuma, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas, kuma sura guda a Alƙur'ani, ta 16, sunan ƙudan zuma take ɗauke da shi.

Hayaƙin busasshen kashin shanu ya isa ya kwantar da su. Ka yanki saƙar da ta cika ta rufe, ka bar mai 'ya'ya, ka rage musu abin ci. Da rani ka ajiye kasko da ruwa kusa da amya, ka jefa 'yan tsakuwa a ciki don su samu wurin sauka. Mai feshin magani ya bari sai la'asar sakaliya, lokacin da ƙuda ya koma gida. Masu haɗa zuma da sukari kuma, ku ji tsoron Allah, marasa lafiya ne ke saye.

Kurna tana fure a ƙarshen damina. Wanda bai iya saƙa amya ba ya je wurin dattawan unguwa tun yanzu, akwai waɗanda hannunsu bai manta ba.