Zanen da ba shi da zani

Ranar da 'yata ta dawo da aikin gida daga makaranta, ajiye takardar ta yi a kan tebur ta shige ɗaki, ko uffan ba ta ce ba. Na buɗe, sai ga hoton wata Baturiya kwance a gado tsirara haihuwar uwarta, ba komai a jikinta sai baƙin zare a wuya, da awarwaro, da 'yan kunne, da fure a gashi, da takalmi ƙafa ɗaya. An ce yara su je gidan tarihi na Orsay su ga zanen da idonsu, su rubuta shafi biyu. Shekarata 11 a unguwannin gefen Faris, amma a ranar kunya ta lulluɓe ni kamar a gaban surukai nake.

Da daddare na kira Inna a Damagaram. Na ce, "Inna, wai hoton mace tsirara aka ba jikarki ta yi nazari." Ta yi salati, ta ce, "Shi malamin ba shi da 'ya'ya ne?" Can kuma ta ce, "To ke kin ga abin? Je ki gani tukuna, ba a yin faɗa a kan abin da ba a sani ba." Maganarta ce ta kai ni Orsay ran Asabar, ita ce kuma ta sa na shafe watanni ina bin tarihin wannan al'ada.

Abin da na tarar ya rushe maganganu biyu da na saba ji. A nan ana nuna mana kamar jin nauyin tsiraici ciwon baƙi ne, wanda zai warke in mun waye. A gida kuma ana cewa Bature bai taɓa sanin kunya ba. Duka biyun ba haka ba ne. Turawa sun fi shekara 500 suna rigima a junansu a kan waɗannan zane-zane.

Daga Girka abin ya faro, kuma da jikin namiji ya faro. Samarinsu tsirara suke tsere da kokawa, masassaƙa kuma suna sassaƙa su a dutse don nuna ƙarfi da ƙuruciya. Wannan bai yi mini wuyar fahimta ba, don na tashi ina kallon 'yan kokawa a fili, ƙirji a waje, layu da guraye a damtse, makaɗa na zuga su, ba wanda ya ce an yi batsa. Sai dai namu ba sa rabuwa da walki. Mace kuwa sai wajen shekara 350 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani masassaƙi mai suna Praxiteles ya fito da ita tsirara a girman mutum, a matsayin gunkiyarsu ta soyayya tana shirin wanka. Ko ita, hannunta ɗaya yana kāre gabanta. Tun ranar farko da kunyar aka sassaƙa ta.

Da Kiristanci ya kafu, tsiraici ya koma alamar faɗuwa. A wata majami'a a birnin Fulorans na Italiya akwai zanen Masaccio na wajen 1425, na fitar Adamu da Hauwa'u daga Aljanna: shi ya rufe fuska da tafukansa, ita tana kuka tana kāre jikinta. Mu ba ma zana annabawa, amma labarin rufe jiki da ganyen Aljanna yana cikin Alƙur'ani, kuma duk Bahaushen da ya ga fuskar nan ya san abin da ake nufi da tonon asiri.

Rigimar da ta fi burge ni ita ce ta Mikelanjelo. A 1541 ya gama zanen Ranar Hisabi a bangon majami'ar Fafaroma, mutum sama da 300, akasarinsu zindir. Wani babban jami'in fadar, Biagio da Cesena, ya ce wannan da gidan wanka ya dace, ba da wurin ibada ba. Mikelanjelo ya rama, ya zana fuskarsa cikin 'yan wuta da kunnuwan jaki. Amma a ƙarshe masu ƙorafi ne suka yi nasara. A 1564, shekarar da ya mutu, aka yanke hukuncin a rufe al'aurar, aka sa almajirinsa Daniele da Volterra ya bi su da ƙyallaye, har mutane suka laƙaba masa "mai ɗinkin wando". A Sifaniya, kotun coci ta nemi bayani daga mai zane Goya a 1815 a kan wata mace da ya zana tsirara. A Landan kuma, da aka kawo kwafin mutum-mutumin Dauda na Mikelanjelo a 1857, sai da aka ƙera masa ganyen ɓaure na musamman da ake rataya masa in matan gidan sarauta za su zo. Waɗannan ba Hausawa ba ne, ba kuma Musulmi ba.

Dabarar da suka samo ita ce suna. In ka zana mace tsirara ka ce gunkiyar Girka ce, an yarda, fasaha ce. A 1863 Cabanel ya zana irin wannan, kwance a kan ruwa tana lumshe ido, Sarki Napoleon na Uku ya saye shi nan take. A shekarar ce Manet ya zana Olympia, wato zanen nan da aka ba 'yata aikin gida a kansa. Da aka baje shi a 1865 gari ya ɗauka, aka yi ta zagi, har sai da aka ɗaga zanen can sama inda sanda ba za ta kai ba. Laifinsa shi ne bai ɓoye komai ba. Wannan 'yar Faris ce da kowa ya gane sana'arta, kuma maimakon ta kau da kai, ta zuba wa mai kallo ido. Attajiran da suka saba kallo a ɓoye sai suka ga ana kallonsu.

Muna tsaye a gaban zanen, ni da hijabina, mutane na ta ɗaukar hoto, sai 'yata ta taɓa ni. "Umma, ita wannan fa, wace ce?" Ni duk hankalina yana kan wadda ke kwance, ban ma lura sosai ba. A bayan gadon akwai baƙar mace, da ɗankwali, da riga mai yalwa ruwan hoda, ta rungumo furanni da wani ya aiko. Launin fuskarta ya kusa narkewa cikin duhun labule. Kallon da take yi wa uwar ɗakinta na san shi, irin na babbar mace ce da ta ga abu ta yi shiru. Sunanta Laure, Manet ya rubuta a littafin ajiyarsa. Sama da shekara 100 masana suna rubutu a kan farar, har da baƙar kyanwar da ke ƙarshen gado, ita kuwa ba a cika tanka mata ba. A 2019 gidan tarihin ya shirya baje koli a kan baƙaƙen da masu zane suka yi aiki da su, aka fito da sunayensu.

Tun daga ranar, tambaya uku nake yi a gaban kowane irin wannan zane: wa ya tuɓe, wa ya biya, wa ke kallo? Amsar kusan kullum ɗaya ce. Mace matalauciya ce ta tuɓe, mai kuɗi ya biya, maza ke kallo. Matan da suke son koyon zanen ma an hana su ajin da ake zana jiki, babbar makarantar fasaha ta Faris ba ta karɓi mata ba sai 1897. A 1989 wasu mata masu zane suka ƙirga a babban gidan tarihi na New York, suka ce a sashen zamani mata ba su kai 5 cikin 100 na masu zanen ba, amma 85 cikin 100 na tsirarun mata ne.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne inda ya taɓo mu. A gidan tarihi na Louvre akwai zanen Ingres na 1814, wai ƙwarƙwarar sarkin Turkiyya, da rawani da mafici, bayanta ya yi tsawon da ba na mutum ba. Ingres bai taɓa taka Turkiyya ba. Matan kulle da ba zai taɓa gani ba ya tuɓe da alkalaminsa, Turai kuma ta ɗauka haka gidan Musulmi yake. Bayansa sai ga masu hoto na zamanin mulkin mallaka, irin su Fortier a Dakar, suna buga katunan 'yan matan Afirka ƙirji a buɗe ana aikawa gida ta gidan waya. Tsiraicin Baturiya a bango wayewa ne, na baƙar mace kuwa hujja ce cewa muna buƙatar a wayar da mu. Sarah Baartman, 'yar Afirka ta Kudu da aka yi ta nunawa a Landan da Faris, ta mutu a 1815, amma an ci gaba da baje ƙasusuwanta da siffar jikinta har shekarun 1970, ba a mayar da ita gida ba sai 2002. Na taɓa taya wankan gawa. Na ga yadda ake shimfiɗa zani a kan mamaciya, a sa hannu ta ƙarƙashi, ido a kauce. Duk lokacin da na tuna Sarah, wannan zanin nake tunawa.

Gaskiya ɗaya ce, namu ma suna ciki. Zanen da ya fi kowane tsaurin ido a Orsay, na Courbet na 1866, wani jami'in diflomasiyyar Daular Usmaniyya ne, Khalil Bey, ya sa aka yi masa. A hamadar Jodan kuma akwai Ƙusair Amra, ginin Banu Umayya na ƙarni na 8, da matan wanka a bangonsa. Masu mulki da dukiya halinsu ɗaya ne a ko'ina.

Bambancin da na gani tsakanin nan da gida a ido yake. A gidanmu jiki ba baƙon abu ba ne. Mai jego tana shayarwa a tsakar gida ko a cikin mota, tsohuwa tana ɗaura zani a ƙugu in zafin bazara ya tsananta, ba mai ɗaga kai. Namiji yana sallama daga zaure ya jira a kimtsa. Nauyin yana kan mai ido. A nan kuwa an gina manyan ɗakuna domin kallo, amma ranar da na shayar da autana a jirgin ƙasa, da mayafi ma, harara na sha. A 2020 ma'aikatan Orsay ɗin nan sun tare wata mata a ƙofa saboda wuyan rigarta ya yi ƙasa, daga baya gidan ya nemi afuwa.

A Disambar 2023, a garin Issou na nan Faransa, wata malama ta nuna wa yara 'yan shekara 11 zuwa 12 zanen Cesari mai mata tsirara suna wanka. Wasu yaran suka kau da kai, magana ta yi tsami, malamai suka daina aiki don tsoron lafiyarsu, har minista ya je. A ƙasar da aka kashe malami a 2020, tsoronsu gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan duk mai yi wa malami barazana ko ƙage. Amma da za a tsaya a kan labarin da ke cikin zanen, da an ga abin mamaki. Maharbi ne ya faɗo inda gunkiya take wanka ya gan ta, ta mayar da shi barewa, karnukansa suka yayyage shi. Labari ne na hukuncin mai kallon abin da bai halatta gare shi ba. Yaron da ya sunkuyar da kai ya fahimci zanen, kuma da wannan ya kamata a fara darasin.

Mu ma kada mu yi saurin wanke kanmu. Muna alfahari da sutura, amma in bidiyon wata yarinya ya fita, kafin la'asar ya zaga wayoyin gari ta WhatsApp, masu la'antar ta su ne masu turawa. Wanda ya ɗauka, da wanda ya yaɗa, da dubban da suka kalla, ba a ko ambatar su. Ita kaɗai ce za ta rasa aure da makaranta. Tambayoyin nan uku suna nan daram a Kano da Maraɗi kamar yadda suke a Faris.

'Yata ta rubuta shafukanta biyu, kusan duka a kan Laure. Ta kwatanta ɗaurin ɗankwalinta da na Inna. Da na karanta wa Inna ta waya ina fassarawa, sai ta tambaye ni ko matar ta haihu, ko an san inda aka binne ta. Na ce mata abin da ya rage a takarda kaɗan ne, sunanta na fari da unguwar da ta zauna. Inna ta yi shiru, sannan ta ce in tura mata hoton, amma in yanke ɓangaren gadon.