Fim kan yarda: shirun yarinya ya fi komai wuyar ɗauka

Matashin daraktan da ya zaɓi fim ɗinsa na farko ya zama labarin ƙawaye biyu 'yan sakandare a Sakkwato, da saurayin da ke matsa wa ɗayarsu, zai sha wuya a wuri ɗaya: shiru. A wurinmu idan yarinya ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi, sai a ce kunya ce, ta yarda. Aikin kyamara ne ta nuna lokacin da shirun nan tsoro ne.

Hakan ba ya buƙatar taɓa jiki, wanda dama fim ɗin Hausa ke gudu. A tsayar da kyamara kan fuskarta daƙiƙa 10, ba yanka, ba kiɗa. Wayar da ya saya mata tana kuka a hannunta, ƙawar ta ga sunan ta kau da kai. Sabon shiga kan tsorata da wannan shiru, sai ya cusa waƙa, ko ya kawo malami ya yi wa'azi. Mai kallo ya ji hukunci, amma bai ga yadda kyauta ke komawa bashi ba.

A ganina, darakta ba shi da bakin yin wannan fim sai ya nemi yarda a wajen ɗauka. Ya ɗauki 'yan wasa masu shekara 18 zuwa sama. In dole sai ƙananan yara, a karanta wa iyaye labarin gaba ɗaya kafin su sa hannu, a ajiye mace babba tare da yaran, kuma duk wadda ta ce "a tsaya", a tsaya. Jihar Sakkwato tana da dokar kare yara tun 2021.

Gaggawa ce ke ɓata wannan. Shafi ɗaya na rubutaccen labarin fim kusan minti ɗaya ne a allo, shafi 90, in ana ɗaukar huɗu kullum, kwana 23 ke nan. Wanda ya matse shi cikin kwana 10, gwaji zai fara yarwa, daga nan sai tsawa, yarinya ta yi abin da ba ta so don rana na faɗuwa. A guji Afrilu, zafi kan haura digiri 40, kyamara ta mutu da kanta. A nisanta janareta, don shirun da aka ɗauka da ƙararsa yana da wuyar gyaruwa a kwamfuta.

Sannan a bar yaran su yi Sakkwatancinsu. "Mi kaka so da ni?" a bakin 'yar unguwar Mabera ya fi shafi guda na Kananci nauyi.