Kasuwar Zane a Landan, da Gwanayenmu da Ba a Rubuta Sunansu

A Landan, watan Oktoba shi ne lokacin cin kasuwar zane. Sanyi ya fara leƙowa, rana ta fara saurin faɗuwa, sai a kafa wani makeken tanti a filin shaƙatawa na Regent's Park, a jera rumfunan gidajen sayar da zane sama da 150 daga ƙasashe daban-daban. Wannan ita ce Frieze, wadda aka fara a 2003. A 2012 aka yi mata ƙanwa a ɗaya gefen filin, Frieze Masters, inda ake kai tsofaffin kaya. Duk a makon, a Somerset House da ke bakin kogin Thames, ake buɗe 1-54, baje kolin da wata 'yar Maroko, Touria El Glaoui, ta kafa a 2013 domin masu zane na Afirka da 'ya'yanta mazauna waje. Su ma ƙananan gidajen zane na titin Cork Street da na gabashin birnin, kowa sai ya saita buɗe sabon nuninsa a wannan mako, tunda masu kuɗin duniya suna gari.

Ni ba mai zane ba ne, ba kuma mai saye ba, ɗan kallo ne kawai. Kuɗin shiga Frieze kaɗai ya isa mutum ya yi cefanen kwanaki, shi ya sa na fi zuwa bukin buɗe nuni a ƙananan gidajen, inda ba a karɓar ko sisi. Yadda abin yake, da wajen ƙarfe shida na yamma za ka tarar da ɗaki fari tas, bango fari, fitila mai haske, an rataye zane a ware a ware, ba a cunkusa ba. Mutane sun cika ɗakin, kowa da kofin giya a hannu, ni kuma in nemi ruwan lemo in riƙe don kada hannuna ya zauna haka nan. Abin da ya fi ba ni dariya, yawancinsu sun ba zanen baya, juna suke kallo. Mai zanen kansa yana can lungu a tsaye kamar baƙo, ana zuwa ana ba shi hannu. Ba a rubuta farashi a jikin komai. In kana son sani sai ka je wurin yarinyar da ke zaune a tebur, ta kalle ka sama da ƙasa, ta ciro wata takarda daga aljihun teburin. In ka ga ɗan jan ɗigo manne a gefen zane, to an riga an saye.

Bahaushe ba baƙon wannan tsari ba ne. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya ga yadda dillalin shanu ke aiki ya riga ya fahimci rabin abin. Mai dabba ba ya ciniki da bakinsa, mai saye ba ya yarda da saniyar da babu wanda ya tsaya mata, dillali ne ya san asalinta, ya san wanda ke nema, ya kuma ɗauki nauyi in daga baya ta zama ta sata. Mai gidan zane haka yake, sai dai la'adarsa ta fi ƙarfi, don a al'adar kasuwar yakan ɗauki kusan rabin kuɗin. A madadin haka shi ke biyan hayar ɗaki, ya biya kuɗin rumfa a Frieze, ya buga littafin hotuna, ya nemi masu rubutu su yi sharhi, ya kuma ajiye lissafin kowane aiki: wa ya yi shi, a wace shekara, da me, wa ya saya, ina aka taɓa nuna shi.

Wannan lissafin shi ne ainihin abin da ake sayarwa, kuma a kansa nake son tsayawa. A 2019, a baje kolin Art Basel na Miami, wani ɗan Italiya mai suna Maurizio Cattelan ya manna ayaba a bango da salatif, aka saya dala 120,000. A Nuwamban 2024 aka yi gwanjon aikin a Sotheby's, ya tashi a dala miliyan 6.2, wanda ya saya kuma ya ɓare ayabar ya cinye a gaban 'yan jarida, bai yi asarar komai ba, domin abin da ya biya kuɗinsa takardar shaida ce mai ɗauke da sunan mai aikin. Mutum na iya cewa wannan hauka ne na waɗanda kuɗi ya yi wa yawa, kuma ba zan yi masa musu sosai ba. Amma haukan ya tona asirin kasuwar ƙarara: suna da takarda su ne dukiyar.

Wata shekara kawuna ya zo ganin likita, ya gaji da zaman ɗaki, na ja shi zuwa Somerset House. Tsoho ne da ya yi kasuwancin yadi a Kwari shekaru masu yawa. Mun shiga wani ɗaki, sai ga ƙyalle rinin baba an shimfiɗa a bango, shuɗi mai duhu da ɗaurin zare. Ya matsa kusa har mai gadi ya ɗaga kai, ya ƙura masa ido, ya ce, "Ɗan nan, wannan ai rini ne." Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya ce in tambayo kuɗinsa. Da na faɗa masa, ya yi lissafi a Naira da yatsunsa, ya yi salati, sannan ya ce, "Wallahi a Ƙofar Mata akwai wanda ya fi shi hannu. Ko bugu bai sha ba." Ban ja da shi ba, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma idonsa a kan tufa ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai na nuna masa ɗan farin katin da ke gefen ƙyallen: sunan mai aikin, garinsu, shekarar haihuwarsa, shekarar da ya yi aikin. Na ce, "Kawu, wanda ya fi shi hannun nan, ya sunansa?" Ya yi shiru, ya ce ai marina ne, a wurinsu ake sara.

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take, ta fi duk gidajen zanen Landan tsufa. Amma ƙyallen da ya fito daga karofinta yana barin Kano ba suna. Haka babbar riga mai aska takwas da wani ya kwashe watanni yana yi wa aiki da allura, haka zayyanar allo ta ranar sauka, haka ƙwaryar da aka sassaƙa, haka adon bangon tsofaffin gidajen Zariya. Ka je gidajen tarihi na Turai ka ga rigunanmu a cikin gilashi, galibi abin da ke rubuce shi ne Hausa, arewacin Najeriya, sai ƙarni. Kai ka ce ƙabila ce ta taru ta ɗinka. A 1976 an yi nuni na musamman a kan sana'o'in Hausawa a nan Landan, a Commonwealth Institute, wanda David Heathcote, malami a Jami'ar Ahmadu Bello, ya shirya. Shi ya yi ƙoƙarin bin wasu gwanaye da sunansu, kamar Musa Yola mai zanen bango. Yau in ka tambayi matasa a Zariya wane ne Musa Yola, da wuya ka sami amsa. Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya tsira da sunansa ne don aikinsa ya jingina da fada da masallaci.

Labarin Ladi Kwali ya nuna yadda suna ke rayuwa in an riƙe shi. Bagwariya ce mai ginin tukwane kamar sauran matan yankinsu. Sarkin Abuja na wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ga hannunta ya bambanta, ya sayi tukwanenta ya ajiye a gidansa. A can Baturen nan Michael Cardew ya gan su, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Aka riƙa buga harufan sunanta a gindin kayanta, aka kai su nuni Landan. Ta rasu a 1984, ga ta yau a bayan Naira ashirin, masu tara kaya kuma suna rububin tukwanenta a gwanjo. Mutane sukan ba da labarin kamar Bature ne ya gano ta. A'a, sarkin garinsu ne ya fara buɗe bakin aljihu, kuma ya san tukunyar wa yake saya.

Abin da ke ƙara min takaici a rumfunan 1-54 shi ne, Najeriya ba ta buya. Gidajen zane na Legas suna nan, masu saye 'yan Legas suna nan da manyan riguna da gwaggwaro. A 2018 an sayar da zanen Tutu na Ben Enwonwu a gidan gwanjo na Bonhams kan fam miliyan 1.2, bayan an tsinto shi a wani gida a arewacin Landan. El Anatsui, ɗan Ghana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, wanda ke ɗinke murafen kwalabe da wayar tagulla su zama kamar shimfiɗaɗɗen mayafi, shi aka ba babban zauren Tate Modern, gidan nunin zanen zamani na Landan, a 2023. Legas ta kafa nata baje kolin, Art X Lagos, a 2016. Amma ka gama zagaye, da ƙyar ka ji wani yana Hausa, in ba ka ci sa'ar haɗuwa da ɗan'uwa cikin masu gadi ba. Alhali ɗaya daga cikin manyan tushen zanen zamani na Najeriya a Zariya yake. A can ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta ce ba za su kwaikwayi Turawa ido rufe ba, kowa ya koma ya haƙo na gidansu. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma kan uli, zanen jiki da bango na matan Ibo, ya mayar da shi makaranta guda a Nsukka. An yi girkin a tsakar gidanmu, maƙwabta suka kwashe tuwon, kuma ba laifinsu ba ne.

Na san amsar da za a ba ni: addini. Maganar surar mai rai magana ce da malamai suka yi bayani a kanta, ba ni da hurumin tsoma baki. Amma wanda ya zagaya Frieze da idonsa ya san kaso mai yawa na abin da ke rataye babu mutum babu dabba a ciki, launi ne da layi da saƙa da rubutu. Ibrahim El-Salahi na Sudan, ɗan malamin allo daga Omdurman, da harafin Larabci ya gina aikinsa, kuma a 2013 Tate Modern ta yi masa nunin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Abdoulaye Konaté na Mali da tsummokaran yadi yake aiki, Aboubakar Fofana kuma da baba, irin namu dai. Saudiyya kanta a 2023 ta buɗe baje kolin fasahar Musulunci a Jidda, a filin saukar alhazai, wurin da iyayenmu ke sauka duk shekara. Saboda haka wannan uzuri bai rufe ko'ina ba.

Kada a ɗauka ina yi wa Landan kirari. Akwai zanen da ake saya a nan a kai shi sito a kulle, ba wanda zai sake ganinsa sai ranar da farashi ya hau. Akwai matashin da za a ɗaga bana, a yi ta wawason aikinsa, baɗi a watsar da shi. Akwai masu zane daga Afirka da aikinsu ke samun biza su kuma a hana su. Sannan kasuwar tana da nata son zuciya game da abin da take so ɗan Afirka ya zana mata, kuma wasu sun gane, suna ba ta daidai abin da take so. Ba wannan nake mana sha'awa ba. Ɗan farin katin nan nake so, da mutumin da aikinsa ke nan ya tsare shi.

Kuma abin ba ya bukatar tanti a Regent's Park. Mai shagon da ke sarar huluna ya sa a ɗinka sunan maɗinkin da garinsu a ciki, ya ga ko ba za a fara zuwa ana neman hannun wane ba. Ai da ma a baki muna yi, mun san telan da ya iya wuya, mun san mai kilishin da ake bin layinsa, rubutawa ce ba mu yi. Gidan Makama yana da ɗakuna, a ware ɗaya ga gwani guda mai rai na wata uku, da sunansa da hotonsa da farashin kayansa. Fati Abubakar ta nuna ana iyawa: da kyamara da shafin Instagram ta ɗauki rayuwar Maiduguri ta yau da kullum har duniya ta san sunanta.

Sai masu hali. Duk shekara ɗaliban sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello suna baje aikinsu na gama karatu, ga Samaru nan ba nisa. Attajirin da ya ƙera gida a Kaduna ko Abuja, ya aika Dubai aka kawo masa hoton bango na roba wanda injin ya buga dubunsa, kuɗin dakon kaɗai da ya sayi aikin ɗalibai biyar. Gwamnatocin jihohi kuma, da ba sa gajiya da raba wa baƙi allon katako mai hoton gwamna, su gwada ba da rini ko zayyana mai sunan wanda ya yi, su kuma biya shi a hannunsa, ba ta hannun ɗan kwangila ba.